Auta da Ƙwan Gwaggo

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Turanci a makaranta ɗaya, ƙanena kuma yana ba shukoki ruwa a farfajiyarta. Yau in ka tare tsohon ɗalibinmu a kan titi, ka ce ya tuna maka mutum guda daga makarantar nan, wallahi ba ni zai ambata ba. Zai washe baki ya ce, "Allah sarki, Baban Kunkuru, yana nan kuwa?" Ni da na gyara masa rubutu har idona ya raunana, sai ya gama sosa ƙeya kafin ya ce, "Au, Malama mai jan biro." To bari in faɗa tun da wuri, kada wani ya ce shi ya gano ni: ina kishi da ƙanena. Na daɗe ina yi, kuma ban warke ba.

Mu biyu muka rayu a wurin iyayenmu, na ba shi shekara shida, shi ya sa kowa a gida ke ce masa Auta. Baba direban babbar mota ne. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya ya dawo daga wata doguwar tafiya da tsaraba biyu. Ni ya ba ni ƙamus na Turanci mai baƙin bango, saboda na zo ta ɗaya a aji. Auta, wanda bai zo na komai ba don ko makarantar bai shiga ba, ya samu 'yar kunkuru da Baba ya tsinta tana ƙoƙarin tsallaka titi. Ba ta fi tafin hannu ba, a cikin akwatin kayan gyaran mota ya sako ta. Na rungume ƙamusina ina jin kaina a sama, sai na waiga na ga gidan gaba ɗaya a durƙushe a tsakar gida, ana kallon abin nan yana tauna ganyen latas. Ba wanda ya durƙusa ya kalli ƙamus.

Baba ne ya raɗa mata Gwaggo, wai tafiyarta da yatsinar fuskarta sak na yayarsa. Sunan ya bi ta, har gwaggon ta ainihi ta ji labari ta yi wata uku ba ta tako gidanmu ba.

Da Auta ya shiga makaranta, sai ya zamana karatu da shi kamar ruwa da mai. Ni ke duba masa aikin gida, kuma tun a lokacin da jan biro nake dubawa, don na ga malamai suna yi. Nakan zagaye masa kowane kuskure har takardar ta koma kamar an yanka kaza a kanta. Ba ya kuka, ba ya musu. Sai ya ninke takardar ya tafi wurin Gwaggo ya zauna. Yakan yi awa guda a tsugune, ya tashi ya ce wa Inna ta kwashe shanya za a yi ruwa, wai ya ga Gwaggo ta fito daga rami tana miƙa wuya. A kuma yi ruwan, abin haushi. In na kai ƙararsa cewa ya sake faɗuwa jarrabawa, sai Inna ta ce, "Ƙyale shi. Ke kin kwashe ilimin, ki bar masa haƙurin." Ita a ganinta raba mana ta yi daidai. Ni kuwa na san wanda ta fi so a cikin biyun.

Ranar da ciwon Baba ya yi tsanani, ya kira mu gaban gadonsa. Ya kama hannun Auta ya ce, "Ka riƙe Gwaggo." Ya juyo gare ni ya ce, "Ke kuma ki riƙe ƙanenki." Kun ji fa. Ko a wasiyya, ni mai gadin mai gadi ce.

Na kuwa riƙe shi, ba wanda zai ce ban yi ba. Ni na shiga ofishin shugaban makaranta na nema masa aikin kula da lambu, har da ɗaki biyu da ɗan sito a bayan ajujuwa, jikin katanga. Ranar da ya tare, da baro ya turo Gwaggo, don ta kai girman babban daro, sai ƙarti biyu ke ɗaga ta. Na ce masa ya bi ta ƙofar baya kada ya kunyata ni. Ya bi ta bayan, amma ɗalibai suka hango shi ta taga, ajina ya watse ina tsakiyar magana. Kafin zangon karatun ya ƙare, makarantar ta zama tasa.

Kada ku ɗauka wani abin kirki yake yi. Da sassafe ya ja tiyo ya ba fulawa ruwa, ya share ganye, ya gyara shinge. Ƙarfe goma ya je bakin ƙofa wurin masu kayan lambu ya kwaso ɓawon kankana da ganyen kabejin da suka yar. Ran Asabar ya wanke bayan Gwaggo da tsohon buroshin haƙori, layi-layi, yana yi mata hira ƙasa-ƙasa. Shi ke nan aikin. Amma duk ɗalibin da na kora daga aji na ce ya je ya cire ciyawa, da murna yake fita, don ya san a gindin Gwaggo zai ƙare. Wata yarinya da ta yi shekara biyu a ajina ban taɓa jin muryarta ba, na wuce na same ta tana ba Auta labarin rabuwar iyayenta, shi kuma yana ta yanka kabeji bai ko ɗago kai ba. Ta fi rabin awa tana magana.

Sai na ce to, tunda kunkuru suke so, ni ma ina da nawa. Na kwana biyu ina shirya darasi daga ƙamus ɗin Baba, kuma har gobe ina cewa ban taɓa shirya wanda ya kai shi ba. Na nuna musu cewa Bature suna uku yake da shi ga wannan halitta: na tudu da nasa, na kududdufi irin kififiya da nasa, na teku da nasa, kuma su kansu masu harshen ba su daidaita ba, abin da wannan ƙasa ta kira da suna kaza, waccan ta kira shi da wani. Na nuna musu yadda suke aron sunan su ba rigar sanyi mai dogon wuya, da yadda in jirgin ruwa ya kife sukan ce ya yi irin ta kunkuru, da wata kurciya da ke ɗauke da sunan alhali ko a mafarki ba su haɗa dangi ba. Na cika allo tun daga sama har ƙasa. Na juyo ina jiran tambaya, sai wata ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, in mun gama kwafa za mu iya zuwa mu ga na gasken?"

Ban yi magana da Auta ba har kwana huɗu, shi kuma bai san ma ana fushi da shi ba.

Ya yi aure, matarsa tela ce, mace mai kirki, ni kaina ban sami abin kushe mata ba duk da na nema. Shekara tara suka yi Allah bai ba su haihuwa ba, sannan ta rasu. A nan kam na yi masa kuka na gaskiya. Inna ta ce za ta je ta zauna da shi sati biyu ya ɗan sami sauƙin kaɗaici. Shekara goma sha ɗaya ke nan sati biyun bai cika ba. Ni da na gina mata ɗaki a gidana, da tayil da fanka da banɗaki a ciki, ta gwammace ɗakin da rufinsa ke ɗiga, tana zaune a kujerar roba tana kallon kunkuru na hamma. Hatta 'yata ta fari, wadda na yi wa wahala har ta zama ma'aikaciyar jinya, ranar da sakamakonta ya fito Kawunta ta fara kai wa.

Da na yi ritaya na sayi injin ƙyanƙyasar ƙwai na shiga kiwon kaji. Na karanta littafin injin daga bango zuwa bango. Ƙa'idar ƙwan kaza ɗaya ce: a juya shi safe da yamma, in ba haka ba ɗan tsakon ya manne a gefe guda ya mutu. Don kada a rikice, sai a yi alama a wannan gefe, a yi wata a wancan. Cikin ƙwai sittin nakan fitar da hamsin da biyar, wani lokaci har da bakwai. A karon farko a rayuwata abu mai rai yana fitowa ta hannuna. Na zuba 'yan tsaki goma a kwali na kai wa Inna. Ta leƙa ta ce, "Masha Allah, sun yi kyau." Sannan ta juya ta ce, "Auta, yau Gwaggo ta ci kabejinta kuwa?"

Gwaggo ta daɗe tana yin ƙwai duk shekara, amma na banza, tunda ba namiji. Sai bara waccan Auta ya ji labarin wani tsohon mai kemis a can ƙarshen gari da ke da namijin kunkuru. Ya je ya roƙa, ya turo shi da baro tun daga can, tafiyar awa biyu a rana. Malamai suka yi ta tsokanarsa, wai an kawo wa Gwaggo ango bayan ta haura hamsin, Allah Ya sa ba kwaɗayin gado ya kawo shi ba. Angon ya yi wata guda aka mayar da shi. Bayan wasu makonni Gwaggo ta tona rami a gindin katanga da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai ta binne, Auta yana tsugune yana ƙirgawa: goma sha huɗu. Inna, wadda ta haura tamanin, ta ɗaga hannu ta ce, "Allah Ka nuna mini 'ya'yan Gwaggo kafin in bi Babanku." Mutane suka fara ce wa Auta ya kusa zama uba. Yana jin haka sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, kuma kowa ya san wasan ya taɓa wani wuri.

Sati uku da yin ƙwan aka yi wani ruwa da rana tsaka, irin wanda ke zuwa da iska. Bishiyar da ke bayan katanga ta karye ta faɗa mata, katangar ta rufta a kan ramin da Gwaggo ke kwana. Kafin a kwashe bulo ta riga ta mutu. Na iso da lema na tarar da Auta a durƙushe cikin taɓo, ba a wurin gawar ba, a wurin ƙwan, don ruwa ya fara kwanciya a kansu. Da cokalin shayi yake tonawa. Duk wanda ya bayyana, kafin ya ɗaga shi sai ya ciro fensir daga bayan kunne ya yi masa 'yar alama a sama, sannan ya ɗauke shi da hannu biyu ya ajiye cikin daron yashi. Uku sun fashe, ya tsira da goma sha ɗaya. Hawaye na zuba a fuskarsa amma bai dakata ba. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, abin da ya zo mini a rai a wannan lokaci shi ne, ashe ya kwaikwayi dabarar alamata bai ko ce na gode ba.

Abin da ya rage na Gwaggo, na Baba, da na addu'ar Inna, duk yana cikin daron nan a sito.

Kwana shida bayan haka Auta ya hau tsani zai sare ragowar reshen da ke lilo a kan katanga, tsanin ya zame, ya faɗo ya karye a ƙugu. Likita ya ce sai ya yi aƙalla sati biyu a kwance. Na kwaso Inna na kai ta ɗakin tayil ɗinta, inda ta yi ta mitar wai ƙasan na da sanyi. Washegari na dafa shayi na kai masa asibiti, na tarar da 'yata a gefen gadonsa cikin fararen kayanta. Ina tsaye da fulas a hannu ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro makullin sito, ya miƙa mata.

"Bayan kwana uku-uku ki yayyafa ruwa a gefen yashin, kaɗan, kada ya jiƙe," ya ce. "Ƙwan kuma kada ki taɓa su."

"To, Kawu."

"Sannu Yaya, kin sha hanya," ya ce da ni, kamar bai yi komai ba.

Na zuba masa shayin, har da sa masa sukari. Ni da na fitar da 'yan tsaki sun fi dubu, ina tsaye a gabansa, ya tsallake ni ya ba yarinyar da ko ƙwan dafawa sai ta fasa. A bakin ƙofar asibiti na tare ta na ce aiki ya yi mata yawa, ga jinyar Kawunta, ta ba ni makullin, kuma kada ta faɗa masa don kada hankalinsa ya tashi. Ta ce, "Mama, ya ce fa kada a taɓa." Na ce, "Ni za ki koya wa ƙwai? Ke ce da bai yarda da hannunki ba ya ce kada ki taɓa." Ta ba ni.

Siton ɗan ƙarami ne, mai ɗumi, yana warin taki da man injin yanke ciyawa. Daron yana kan tsohon tebur na aji, an rufe shi da buhu. Na yaye buhun na ga ƙwai goma sha ɗaya, farare, zagayayyu, rabinsu a cikin yashi, kowanne da alamar fensir tana kallon sama. Na ce a raina, ka ga aikin rabin sani, ya yi alama a gefe ɗaya ya manta da ɗayan, kuma kwana nawa ke nan ba wanda ya juya su. Tambaya ɗaya ce ta raba ni da gaskiya, kuma asibitin bai fi tafiyar minti ashirin ba. Amma in je in tsaya a gaban gadon Auta in ce ya koya mini? Na buɗe jaka na ciro jan birona, na juya kowane ƙwai a hankali, na yi masa ɗan zagaye a ƙasa.

Kwana goma sha shida na yi ina zuwa safe da yamma, ban yi fashi ba ko sau ɗaya. Ko kajina ban kula da su haka ba. Ina juyawa ina tsara yadda za a yi: ranar da suka ƙyanƙyashe, Inna na murna, mutane sun taru, sai in gyara zaman gilashina in ce, to ai ni na riƙa juya su, da an bar su yadda ya bar su da ko ɗaya ba a samu ba. Har na san irin kallon da Inna za ta yi mini. Ranar da za a sallame shi na mayar da alamar fensir sama, na gyara yashin, na rufe buhun, na ba 'yata makulli ta mayar masa.

Ya dawo da sanda yana ɗingishi. Ko ɗakinsa bai shiga ba ya wuce sito, mu kuma muna biye da shi, ni da 'yata. Ya yaye buhun, ya daɗe yana kallo, ya taɓa yashin da bayan yatsa ya ce, "Madalla, damshin ya yi daidai. Allah Ya yi miki albarka." Ita kuwa, da yake yabon ba nata ba ne, sai ta nemi abin faɗa ta ce, "Kawu, wai me ya sa ka ce kada a taɓa?"

"Ai ba irin na kaza ba ne," ya ce. "Kaza tana kwance a kan nata tana juyawa. Kunkuru binnewa take ta yi tafiyarta, wa zai juya mata? Ɗan yana manne a sama tun kwanakin farko, yadda aka ajiye shi haka zai zauna har ya fito. In ka kife shi, ƙwaiduwar ta danne shi ya mutu a ciki. Shi ya sa na yi alamar, don saman ya zauna a sama."

Na dafa injin yanke ciyawa. 'Yata ta juyo ta kalle ni, na kau da kai ina karanta rubutun jikin buhun taki. A hanyar gida ta ce, "Mama, ba ki dai taɓa ba ko?" Na ce, "Ni yarinya ce?" Ƙarya na yi wa 'yar cikina, ido cikin ido. Ina shiga gida na ɗauko ƙamus ɗin Baba na buɗe shafin da na fi kowa sani. Ga na tudu, ga na teku, ga rigar sanyi, ga jirgi, ga kurciya. Ko kalma ɗaya babu a kan ƙwai.

Auta ya ce daga wata uku zuwa huɗu za su fito. Ban taɓa ganin watanni masu tsawon waɗannan ba. Kullum ina gidansa, har Inna ta ce, "Yayarka ta sauko, Auta, dama jini ba ya ƙarya." Ta sa aka rataya mata kalanda kusa da kujerarta tana soke kwanaki. Shi kuma ya haɗa ɗan akwatin katako mai raga a sama saboda shaho, ya goge gefunansa da takardar yashi kada su ji ciwo, ya shuka latas layi biyu don ya yi laushi daidai lokacin. Ɗalibai suka raba ƙwan a tsakaninsu tun ba a haife su ba, kowane aji da nasa. Sau biyu na buɗe baki zan faɗa masa. Na farko ya riga ni da cewa, "Yaya, in sun fito ke za ki fara zaɓa." Na biyu kuwa ni ce kawai na kasa. Na yi ta addu'ar ko guda ɗaya ya tsira, na kuma yi ta addu'ar jan biron ya goge da kansa. Na san wadda na fi yi a cikin biyun, kuma ina jin kunyarta.

Wata huɗu ya wuce, na biyar ya shiga. Inna ta daina soke kalanda. Wata safiyar Asabar na zo na tarar ya fito da daron tsakar fili, ya shimfiɗa tsumma a ƙasa, Inna na kan kujerarta. Ya ce sun fara wari, babu sauran jira. Na tsaya a bayansa.

Ya sa cokali ya ɗago na farko, ya juya shi a tafin hannunsa. Zagayen yana nan, ja wur, kamar jiya na yi shi. Ya kalle shi na ɗan lokaci. Mutumin da na yi shekara shida ina zagaye masa kurakurai ba sai an gaya masa hannun wa ba ne. Bai waigo ba. Ya ajiye ƙwan a kan tsumma, jan yana ƙasa. Ya ɗago na biyu, ya duba, ya ajiye haka. Har goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba, kuma kowanne sai ya kifa jan a kan tsumma inda Inna ba za ta gani ba.

"Babu ko ɗaya?" in ji Inna.

"Babu, Inna."

"Me ya same su?"

"Sanyi ne ya kama yashin. Ban zaɓi wuri mai kyau ba, laifina ne."

Inna ta kalli akwatin katakon. Sannan ta share ido da gefen mayafi ta ce, da wata murya da ban taɓa jin ta yi masa magana da ita ba, "Kai dai Auta ba ka jin shawara. Ga Yayarka mai ilimi, wadda ta san ƙwai ciki da waje, tana tsaye, ka ɗauki makulli ka ba yarinya. Da ita ka bar wa, da yanzu suna nan suna yawo a gabana."

"Haka ne, Inna," ya ce.

Shekara hamsin nake jiran Inna ta faɗi irin wannan magana a gabansa. Ga ta ta faɗa, ni kuma ina tsaye ban gyara mata ba.

Ya naɗe tsumman da ƙwan a ciki, ya ɗauki sandarsa ya nufi gindin sabuwar katanga inda ya binne Gwaggo. Na bi shi. Ya durƙusa da ƙyar saboda ƙugun, ya fara tona ƙasa da cokalin. Na ce, "Auta." Bai ɗago ba. Na ce, "Ka zage ni mana. Ka faɗa mata. Ka yi wani abu." Ya ci gaba da tonawa har ramin ya yi zurfin hannu, sannan ya ce, "Kwana nawa kika yi kina zuwa?" Na ce goma sha shida, safe da yamma. Ya gyaɗa kai ya ce, "Kin sha wahala. Ko ɗaya ba ki fasa ba." Ya miƙo mini cokalin ya ce in riƙe masa, ya jera su a ramin da hannu biyu, alamar fensir tana sama.

Da zagina ya yi, da na sami abin riƙewa in yi fushi, don a nan na fi ƙwarewa. Bai ba ni ba. Kuma in gaya muku gaskiya, ko wannan shirun nasa ina ƙyashinsa, don na san ni ba zan iya ba.

Yana nan yana ba fulawa ruwa, yana ɗingishi. Ɗalibai suna ce masa Baban Kunkuru har yanzu, har da sababbin da ba su taɓa ganin kunkurun ba. Akwatin katakon yana sito, ya zuba irin fulawa a ciki. Inna ma tana nan da ranta, kuma duk baƙon da ya zo gaishe ta sai ta ba shi labarin ƙwan Gwaggo, ta nuna ni da sandarta ta ce da wannan aka bar wa da ba a yi asara ba. Auta yana gefe yana gyaɗa kai. Baƙon ya juyo ya ce, "Ai ilimi daban ne, Malama," ni kuma in ce masa na gode.